Idon Agwagwa a Hanyar Magariya

Tun da na dawo daga ƙasar Faransi, wato hayin iyakarmu ta arewa inda Turawan Faransi ke mulki, mutanen da muke zama da su a inuwar kantin Alhaji Bala ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce in ba shi labarin Turawan can, wancan ya ce wai da gaske ne motocinsu hannun dama suke bi. Shi kuwa Malam Ɗanjuma, malamin asibitinmu na nan Wudil, tambayarsa ɗaya ce kullum: me na yi wa fitilar babur ɗinsa ta koma rawaya kamar idon mai ciwon shawara? Kullum sai in ce musu sai an jima. Gaskiyar magana ba yawon buɗe ido na je ba, kuma akwai zancen da ba ya faɗuwa a gaban mutum goma suna tauna goro suna jiran wurin dariya. To yau babu makaranta, na turo ƙofa, zan rubuta shi yadda ya zo mini daki-daki. Wanda ya ƙosa ya yi haƙuri, ni ma haƙurin na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, ina koyar da yara a elemantare. Mai ɗakina 'yar wani ƙauye ce da ake kira Tsamiyar Liman, kusa da Magariya, a ƙasar Faransi. Mahaifinta, Malam Isuhu, falken shanu ne. Shekara da shekaru in ya kawo shanu kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a a gidanmu yake sauka, ta nan aka san juna har aka ƙulla aure. Da cikinta na fari ya tsufa sai aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta, yadda aka saba. Lissafin tsofaffi ya nuna sai an yanke gero za ta sauka, ni kuma na shirya sai lokacin in bi mota in je da rago da goro.

Wata Juma'a ana tsakiyar marka, gero bai ma gama fitar da kai ba, an sauko daga masallaci ke nan sai ga Mati, ɗaya daga cikin masu koro wa Malam Isuhu shanu, ya yi sallama a ƙofar gida. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi gida, ya tambayi makaranta, ya tambayi damina. Sai da ya ƙare su duka sannan ya dubi ƙasa.

"Malam ya ce a shaida maka an sauka."

"Alhamdu lillahi. Lafiya dai ko?"

"To, da sauƙi. Ya ce in da hali ka zo."

"Jikin ne babu daɗi?"

"Da sauƙi, Malam. Ya dai ce kada ka jira kaka."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da "da sauƙi, ka zo" yake iya nufi. Mu ba ma faɗa wa mutum mutuwa gatsau. Lokacin da kawuna ya rasu a Lajawa cewa aka yi jiki ya ɗan yi zafi, muka isa muka tarar har an dawo daga maƙabarta. Ga shi kuma saƙon da tafiyar shanu ya zo, ya fi mako a hanya, duk abin da zai faru ya riga ya faru. Na so in cafki wuyan rigar Mati in ce ya gaya mini tana raye ko ba ta raye. Amma haihuwar fari ce, kuma yaron surukina ne. Ina ni ina wannan rashin kunya? Na ba shi ruwa, na raka shi har bakin hanya, ina murmushi kamar wawa. Bari in faɗa a takarda tunda ba zan iya faɗa a inuwar kanti ba: ina son matar nan, kuma ban san iyakar son ba sai ranar.

Matsala ta farko mota. In ruwa ya yi yawa akan sa shinge a hana manyan motoci bin hanyar arewa har ƙasa ta sha iska, wani lokaci kwana da kwanaki. Na rasa yadda zan yi, sai na nufi asibiti wurin Ɗanjuma. Shi kaɗai ne a Wudil yake da irin babur ɗin nan na ƙasar Italiya, mai ƙananan tayoyi da faffaɗan baya, wanda ake zama a kai kamar kan kujera a ajiye ƙafafu a gaba, babbar riga ba ta maƙale a ko'ina. A hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya saye shi a Kano. Mutanen gari suka sa masa suna Agwagwa, sunan kuwa ya bi shi. Ya taɓa koya mini tuƙi a filin ƙwallon makaranta, na kewaya fili ban faɗi ba, iyakar gwanintata ke nan.

Abin da ya raba Agwagwa da sauran babura shi ne fitilarta. Kowane babur da na sani fitilarsa a sama take, tsakanin hannuwa biyu. Ita Agwagwa a ƙasa aka dasa mata, a kan murfin ƙarfen da ya rufe tayar gaba, da ƙyar ta kai gwiwar mutum. Kewayayya ce kamar bakin ƙoƙo, da zoben farin ƙarfe mai walƙiya. Duk inda ka juya kan babur can take kallo. Ba ta kamawa kuma sai inji yana aiki. Ka murɗa totur ta yi haske, ka sassauta ta yi ja ta lumshe. Ɗanjuma ya ce duk kyan abin a nan yake. Sababbin da suka fara shigowa Kano an mayar musu da ita sama, shi kuwa ya ce in ya gan su sai ya tuna mai maƙoƙo.

Bai nemi dogon bayani ba. Ya dubi fuskata, ya shiga ya turo ta da kansa, ya ɗaure mini galan na fetur da ya riga ya gauraya da baƙin mai a wurin ajiye ƙafa. Ya nuna mini yadda ake kwance fulogi a goge in inji ya ƙi tashi.

"Habu, duk abin da za ka fasa a jikinta ka fasa, na yafe maka. Ban da idon nan. Gilashinsa ko a Kano babu, sai an aika Ikko."

"In Allah ya so ba abin da zai same shi."

"Kuma in ka ga rana ta yi ja ka nemi wurin kwana. Fitilar nan ta kwalliya ce, ba ta daji ba."

Na yi sammako ranar Asabar. Daga Wudil zuwa Kano babu abin faɗi, sai masu jakuna da karnukan ƙauye da suka ɗauke ni abokin gaba. A Kano fetur kawai na ƙara na wuce. Daga Ɗambatta ne hanya ta fara nuna halinta. Tayoyin Agwagwa ba su fi faifai girma ba, kowane rami sai sun shiga sun gaishe shi. Ana azahar hadari ya haɗo, na fake a zauren wani mai unguwa, ruwa ya yi ta zuba har bayan la'asar. Mai unguwar ya ce in kwana, ya ce gaba taɓo ne. Mutumin kirki ne kuma gaskiya ya faɗa. Amma duk lokacin da na zauna shiru sai in ji muryar Mati yana cewa da sauƙi. Na yi godiya na hau, rana kuwa ta faɗi ban kai Ɓaɓura ba.

Sai a nan na gane maganar Ɗanjuma. Hasken da ya taso daga ƙasa ba hanya yake nuna maka ba, inuwa yake nuna maka. 'Yar tsakuwa sai ta yi doguwar inuwa ka ɗauka rami ne ka kauce, ramin gaske kuwa ba ka ganinsa sai ka ji ka a ciki. Kwaɗi kam na gan su ɗaya bayan ɗaya har ƙwayar idonsu. Amma abin da ya wuce tsayin ƙugu, reshe ne, mutum ne, babu labarinsa. Ga taya tana watso taɓo kai tsaye kan gilashi. In na tsaya in goge da hula, totur ya sauka, duhu ya rufe ni. Na zagi Baturen da ya ƙera ta, na zagi Kwaran da ya sayar, Ɗanjuma ma bai tsira ba, Allah ya yafe mini.

Ban ankara ba sai ga ƙafafun jaki a gabana. Ƙafafun kaɗai na gani. Na taka birki, bayan Agwagwa ya wulla gefe, na ji ni cikin kayan itace. Ko da nake faɗuwa ba kaina na kare ba, ƙafa na miƙa na tare fitila, itace ya tsaga mini ƙwauri.

"Inna lillahi! Kai, mutum ne ko mene ne?" Muryar wani tsoho ce a cikin duhu.

"Mutum ne, Baba. Ba ka ga wuta ba? Ba ka ji ƙara ba?"

"Na gani, ɗana, na kuma ji. Ai wutar can ƙasa-ƙasa take, sai na ce mota ce tana can nesa a gindin tudu, kafin ta iso na kai gida. Ashe tana wutsiyar jakina."

Sunansa Baba Nomau, gidansa yana nan kusa da hanya. Muka tattara itacen tare, na shafa gilashi na ji bai fashe ba, ya ce ba inda za ni. Matarsa ta aiko da ruwan zafi da tsumma na ɗaure ƙwauri, sannan aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji, nama babu. A zauren akwai wani baƙo, falken kanwa da ya taso daga arewa. Mutum ne mai son zance, irin wanda ba ya iya haɗiye loma sai ya ɗora mata labari.

"Ina aka nufa, Malam?"

"Wajen Magariya."

"Ayya, can na fito. Damina ta yi kyau, sai dai zazzaɓi ya yi yawa bana. Shekaranjiya ma na ratso wani gari na tarar an fito da gawa, aka ce mai jego ce, ko arba'in ba ta yi ba. Na sauke kaya na bi su salla."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na sha ruwa, na daidaita murya.

"Wane gari ne?"

"Wallahi ban riƙe sunan ba. Akwai dai wata ƙatuwar tsamiya a bakin rijiya."

Wane gari ne a ƙasar Hausa ba shi da tsamiya a bakin rijiya? Haka na yi ta gaya wa kaina har aka kira asuba, bai kuwa yi mini amfanin komai ba.

Da hantsi na wuce Ɓaɓura, kafin rana ta take na isa iyaka. Ku da kuke tambaya, na san kuna zaton ganuwa ce ko wani babban kogi. Gero ne a nan, gero a can, sai wani dogon gungume da aka gitta a hanya. Namu mutanen ko tashi ba su yi ba, hannu suka ɗaga mini. A ɓangaren Faransi akwai tuta, da ɗakin kwano guda, da rumfa, da masu tsaro sanye da jar dara da gajeren wando. Hausa suke yi kamar ni da ku, sai dai harshen ya ɗan karkata, lafiya ta koma lahiya, tafiya ta koma tahiya. Masu ƙafa da masu jakuna wucewa suke yi ba mai ce musu kanzil. Abin da yake da inji shi ake tsayarwa.

Babban masu tsaron wani dogo ne, tsohon soja, suna ce masa Saje. Ya kewaya Agwagwa, ya tsuguna, ya leƙa fitilar kamar mai duba haƙoran sa a kara.

"Wannan hitila ta mi ce? Ta neman allura a ƙasa?"

"Haka Turawan da suka ƙera ta suka sa ta, ranka ya daɗe."

"Turawanku dai. Namu doka biyu gare su. Hitila ta zama rawaya, don fara kashe ido take. Kuma ta tashi daga ƙasa." Ya ɗauko wata sanda mai tsaga a jiki ya tsayar kusa da taya. Fitilar ko kusa da tsagar ba ta kai ba. "Likitan Damagaram yana da irin wannan sak, amma tashi hitila bisa kai take, yadda ya kamata."

Nan da nan wani maƙeri da ke gyaran fartanya da galma a gefen rumfa ya taso da kurfi da guduma. Ya ce abu ne mai sauƙi, ya sare ta daga gindi, ya ɗaure mini ita a sama da waya, kafin in sha ruwa an gama. Na dubi kurfin, na dubi gilashin da babu irinsa sai Ikko.

"Ba tawa ba ce, ranka ya daɗe. Amana ce."

"To sai ka jira akawu, shi zai yanke."

Akawun duwan, wato kwastan ɗinsu, wani ɗan Dahomi ne, ya riga ya shiga ɗaki ya rufe. A can haka suke aiki. Rana na takewa sai a kulle ofis, babba da yaro kowa ya ci ya kwanta, ba a buɗewa sai la'asar ta gabato. Mu da Ingilishi ya koya wa a yi aiki a miƙe a tashi gaba ɗaya, abin sai ya ba mu mamaki. A wata rana da sai in ce dabara ce mai kyau. A ranar kuwa ji na yi kamar in je in balle ƙofar. Na tambaya in na bar babur na tafi da ƙafa fa, aka ce sai gobe da hantsi zan isa. Na zauna a rumfa ina kallon inuwa tana matsawa. Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da na miƙe zan kira maƙerin, in ya so in na dawo in san abin da zan gaya wa Ɗanjuma. Na tuna yadda ya turo mini ita bai tambaye ni komai ba, na koma na zauna.

Wata mata ta kawo fura. Furarsu ta fi tamu nono, ta fi tamu ruwa, kuma a wurinsu ita ce abincin rana sukutum, ba abin jiƙa maƙoshi ba. Akwai dambu da zogale. Masu tsaron kuma suna gutsurar wani burodi dogo mai tauri da ake kawo musu daga Damagaram, wanda in ka maka wa mutum shi sai an kai ku gaban alƙali. Saje ya miƙo mini, na karɓa don ladabi. Ku da kuke son in gaya muku ɗanɗanonsa ku yi haƙuri, ranar ko zuma aka ba ni ƙasa zan ji.

A gindin wata bishiya akwai wani baduku yana ɗinkin kube. Ashe bayan fata yana da wata sana'ar. Motocin da suka fito daga Kano da farar fitila shi yake rina musu ita. Yakan daka saiwar rawaya, ya dama da ƙaro, ya shafa a gilashi da gashin kaza, in ya bushe sai haske ya fito rawaya. Na ce ya yi mini, ko ba komai a rage doka ɗaya. Ya tsuguna yana shafawa a hankali.

"Ina Malam ya nuha?"

"Tsamiyar Liman. Gidan Malam Isuhu mai shanu."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai ne surukin nasa na Wudil?"

"Ni ne."

"Ayya. Sannu. Sannu da hanya."

Na yi ta maza na ce, "Ina labarin gidan?"

"Sai alheri. Na dai kwana biyu ban leƙa wajen ba."

Da ya gama na sa hannu a aljihu, sai ya dafe mini hannu. "Haba, bar shi. Ba ni karɓar naka." Ya tashi ya nufi Saje, suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Saje ya waiwayo ya dube ni, ya sake dubana. Sai na ga ya jingine sandar awonsa, ya je da kansa ya ɗage gungumen.

"Tahi, Malam, ba sai akawu ya tashi ba. Ka dai isa da rana, kuma ka riƙe hannun dama. Allah shi kai ka lahiya."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini. Wa ake ƙin karɓar kuɗinsa? Wa ake ɗage wa doka a ce ya yi sauri? Na san amsar, kowa ya sani. Wanda aka yi wa rasuwa ne ake yi wa haka. Mai yiwuwa ne kuma darajar Malam Isuhu ce kawai, don mutum ne da ake ganin girmansa a wajen. Na yi ta juya biyun nan a raina, da ƙyar na iya tayar da inji.

Hanyar can yashi ce, gero ya rufe ta dama da hagu. Na riƙe hannun dama kamar yadda aka ce, har sai da wata motar Faransi ta ɓullo daga kwana. Nan take hannuna ya manta, ya ja ni hagu yadda ya saba a gida. Shi kuma direban ya ja nasa daman, muka nufi juna. Na afka cikin gero. Wani Bature mai gajeren wando ya leƙo ta taga ya zazzaga mini magana da yarensu, ban ji ko ɗaya ba amma na san ba addu'a ba ce. Fitila dai ta tsira. Inji ne ya yi fushi ya ƙi tashi. Na kwance fulogi na goge, na mayar, na buga, shiru. Na sake kwancewa. Kafin ya amsa rana ta yi ja, na yi la'asar a makare a gefen gona, ban ma san abin da na karanta ba.

Magariba ta same ni a hanya. Rinin baduku ya cinye rabin hasken, abin da ya rage bai fi na fitilar man gyaɗa ba. A haka na lallaɓa har na fara jin ƙanshin hayaƙin gari. Hanyar shiga Tsamiyar Liman ta gefen maƙabarta ta bi. Da fitilar sama ce da wataƙila na wuce ban lura ba. Wannan kuwa ƙasa take kallo, sai da ta nuna mini shi sarai: sabon kabari, ƙasarsa ba ta daɗe ba, an ɗora masa ƙaya. Gaba kaɗan ga rijiya, ga ƙatuwar tsamiya a bakinta.

Na karya kwanar gidan Malam Isuhu sai na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune jere. Daga baya na gane a nan suke jiran lisha kullum, don masallacin yana jikin gidan. A lokacin zaman makoki na gani. Na tsaya, amma na kasa kashe inji. Na san in na kashe na durƙusa, za a gaisa, za a sake gaisawa, sannan wani dattijo zai gyara murya ya fara da cewa sai haƙuri. Muddin inji yana ƙara ba wanda zai iya gaya mini komai.

Malam Isuhu ya miƙe, na gane shi da tsawonsa.

"Maraba, maraba. Malam Habu ne? Kashe muna abin nan mu ji juna."

Abin da ya kamata in yi na sani. In sauka, in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa gaban surukina. Sai ga ni a zaune a kan babur kamar wani ɗan sarki, ina ta da hayaƙi a fuskar dattawa. Kan Agwagwa yana kallon dangar gidan. Dangar zana ce, damina ta cinye gindinta, awaki sun ƙarasa, ta bar ƙasa da kusan taƙi guda. Hasken ya bi ta ƙarƙashi ya shiga cikin gida. Na ga gindin turmi. Na ga kaza ta firgita ta gudu. Na juya kan babur kaɗan, na ga murhu da ƙatuwar tukunya tana tururi, ga damin ganye a gefe. Tukunyar wankan jego ce, ba a kuwa dafa ta don wadda ta tafi. Amma gida ne babba, mata da yawa, ina na san ta wace ce?

Na murɗa totur. Ƙara ta ƙaru, dattawa suka fara kallon juna, ban damu ba. Sai ga ƙafafu sun shigo cikin hasken. Na wata tsohuwa ne a gaba, masu faso, tana tafe tana tsayawa kamar mai riƙe da wani. Kusa da su wasu ƙafafun, sun kumbura, ana jan su a ƙasa, taki ɗaya a huta, taki ɗaya a huta. Na bi su da fitila a hankali. Ɗan ƙaramin yatsan ƙafar hagu ya hau kan ɗan'uwansa. Na san ƙafar nan. Shekara biyu tana wucewa ta gabana in ina zaune a tabarma ina duba aikin yara.

Ƙafafun suka tsaya cak a tsakiyar hasken. Tsohuwar ta ja, ba su motsa ba. Duk ƙasar nan babu abin da ke irin wannan ƙara sai Agwagwar Wudil, ta kuwa san muryarta. Na ga yatsun sun lanƙwashe sun kama ƙasa.

"Malam Habu," in ji surukina, "in ka gama duba dangar tawa, na san tana son gyara. Kashe mu gaisa."

Na kashe. Duhu ya rufe mu gaba ɗaya. Na tuɓe takalmi na rarrafa na durƙusa a bakin tabarma. Sai Malam Isuhu ya juya wajen Liman da ke zaune kusa da shi, ya ɗaga murya kaɗan.

"Liman, na ce yarinyar nan yau da ƙahwarta ta taka zuwa wurin wanka. Tun da ta sauka sai dai a ɗauke ta. Tare suka kwanta da 'yar gidan Maigari, ka ga ita Allah ya karɓi abarsa."

"Allah shi jiƙanta. Baƙuwar fa?"

"Tana nan, ba ta da aiki sai tsotso."

Sannan ya juyo gare ni. "Sannu da zuwa, Malam Habu. Ina gajiya?"

Na buɗe baki in ce babu gajiya, yadda kowa yake cewa, murya ta ƙi fita. Hawaye ne suke zuba har cikin gemuna, ni ɗan shekara talatin, a gaban surukina. Ba wanda ya ce a kawo fitila. Tsohon bai sake tambaya ba. Ya juya ya ci gaba da yi wa Liman zancen shanu, har sai da na iya amsawa.